Sabon Zarto da Farar Rigar Yayana

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da baki ya furta da abin da ya haɗiye.

Mahaifinmu kafinta ne a Argungu, a unguwar da ke gangarawa bakin gulbi. Ƙyaure yake yi da taga da benci, in ruwa ya fara cika kuma masunta su jawo masa jiragensu ya toshe musu inda ke yoyo. Maza biyu ya bari: yayana, wanda ya ba ni shekara goma sha ɗaya, sai ni. Yaya ya gaji hannun tsohon, ni aka tura ni karatu. Na yi ta bin malamai har Allah ya sa na samu aikin koyar da Arabiyya a wata firamare a Birnin Kebbi, na gina ɗan gidana can wajen hanyar Gwadangaji. Amma wanda ya yi rarrafe cikin garin katako ba ya rabuwa da ƙamshinsa. Zauren gidana na mayar wurin aiki. In na taso daga makaranta na ci abinci, sai in tuɓe riga in ɗan yi kujera ko akwati, wani in sayar, wani in bayar.

A gidanmu akwai wata ƙa'ida da ban taɓa ganinta a littafi ba. Ba farilla ba ce, ba sunna ba, kuma tsohon bai taɓa cewa addini ce ba. Sabon ƙarfe, ko zarto ne ko gizago ko ɗan magagari, ba ya cin itace sai babban gida ya fara sa masa hannu. Za ka kawo shi a naɗe, babba ya dafa shi ya tambaye ka, "Ya ci?" Kai kuma ka ce, "Bai ci ba, kai yake jira." Sai ya yi bisimilla ya yi yankan farko, abin da aka yi da wannan yanka kuwa sadaka ne, ba a sayarwa. Buɗe bakin ƙarfe muke ce masa. Na taɓa tambayar tsohon dalili. Ya ce ƙarfe ba ya jin komai, mai ƙarfen ne ke ji, kuma wanda ya iya riƙe sabon abu har babba ya zo zai iya haƙuri da katako. Da ya rasu, buɗe baki ya koma hannun Yaya. Ko guduma na saya a kasuwar Birnin Kebbi, naɗe ta nake yi a tsumma in ajiye har ranar da zan je Argungu.

A shekarar da nake ba da labarinta, muna cikin Jihar Sakkwato, ba a kai ga yanke mana tamu ba, kafaɗar Yaya ta dama ta fara ƙin sa. Sanyin gulbi ne da jan zarto tun ƙuruciya. An yi ƙaho, an yi shafe-shafe, an je asibiti, abin sai gaba. In na je nakan tarar ya yanka katako ɗaya ya zauna, ya ɗauki magagari yana wasa haƙoran zarton da ba su dakushe ba, don kada mai wucewa ya ce hutawa yake yi. Ƙyauren da a da yake gamawa a kwana biyu ya koma cin mako. Masu kawo aiki suka fara wucewa ta ƙofarsa suna gaisuwa daga nesa. Ga iyali, ga shi mutum ne da bai iya cewa a ba shi ba.

Na san idonsa bai tsufa ba, kuma babu mai haɗa kusurwa irinsa daga Argungu har Augie. Jan zarton ne kawai ya gagare shi. Unguwarsu ba a kai mata wutar lantarki ba, tawa kuwa an kai. Sai na ce masa ya dawo Birnin Kebbi mu haɗa aiki a zaurena, zan sayo zarton inji.

"Malam," ya ce. Haka yake kirana tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa, rabi tsokana. "Ni za ni koma ɗan kallo ga zaurenka?"

"Ba kallo ba, Yaya. Kai za ka auna, kai za ka zana, kai za ka haɗa. Jan kawai za a ɗauke maka."

"Jan ai shi na aikin."

Sau uku ina zuwa da wannan magana. A na ukun, bayan an cire albasa, na tarar ya kasa ɗaga buta da hannun dama. Ya ga na gani. Ya tashi ya zare kara ɗaya daga darni, ya ɗora a kan katakon da ya fi kowanne faɗi a rumfarsa, ya karya daidai faɗin, ya miƙo mini.

"Ƙarhen da bai ƙetare wanga kara ga ja guda ba, bar ma mai shi abinai. Ban son a yanki rabi a juya katako a yanko ta baya. Ta nan ƙarya taka shiga aiki. In ka samu, in zaka ran Juma'a in buɗe mai baki. In ya yi, in kwaso kayana."

Ban taɓa fita daga gidansa da sauƙin zuciya irin na ranar ba. Ina isa gida na sa mai ɗakina ta share ɗakin da ke kusa da zaure, muka shimfiɗa sabuwar tabarma, na kafa ƙusa a bango inda zai rataye riga.

Albasata ta fadama ta yi kyau a shekarar, na sayar da ita duka. Ranar wata Asabar na shiga mota zuwa Sakkwato, karan Yaya a cikin aljihun riga yana sukana a haƙarƙari duk ramin da muka faɗa. An kwatanta mini shagon wani Alhaji mai kayan ƙarfe da yake kawo injuna daga kudu. Na same shi a kan kujera yana cin goro, gajere mai fara'a, irin mutanen da ke sayar maka da abu kana godiya.

Iri uku ya nuna mini. Na farko mai tebur ne, faifan zarton ya leƙo daga ƙasa, kai ke tura katako ya ci. Na dube shi na tuna kafaɗar Yaya, don turawa da ja duk ƙarfi ɗaya suke ci, ga haƙora a fili ba murfi. Na wuce. Na biyu faifan a sama yake, ka kama mariƙi ka sauko da shi kamar mai sara, gindinsa kuma yana juyawa dama da hagu don yankan kusurwa. Shi Alhajin ya fi matsa mini a kai, don yana da su da yawa.

"Malam, wanga shi na naka. Ba nauyi, ba rigima. Ƙahwar kujera, hiram na taga, kamar ka yanka kuɓewa."

Na ciro kara na kwantar a ƙarƙashin faifan, na sauko da shi. Bai kai rabin karan da kaɗan ba.

"Mi na na wanga kuma?"

"Saƙon yayana ne."

"To ai sai ka juya katakon."

"Ya hana."

Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce shi dai bai taɓa ganin an zo sayen inji da kara ba. Sannan ya ja ni can ciki, ya yaye buhu daga kan na ukun. Kamarsu ɗaya da na biyun, sai dai kansa yana bisa sanduna biyu na ƙarfe masu sheƙi. Ka jawo shi wajenka, ka sauke, ka tura, sai ya zame a kan sandunan ya bi faɗin katako har ƙarshe. Na kwantar da kara. Faifan ya ƙetare shi har da rarar yatsa biyu. Na sa ɗan yatsana ɗaya na tura kan, ya tafi sumul ba gardama. Na ce a raina, wannan ko da hannun hagu Yaya zai iya.

Ban yi gaggawa ba. Na jawo kan har ƙarshen sandunan na girgiza shi in ji ko yana rawa, don abin da ke rawa ba ya bin zane. Na juya gindin na ji yadda yake faɗawa cikin gurbinsa a kowace kusurwa. Na ɗaga shi na ji nauyi. Na tambayi inda ake samun wani faifan in wannan ya gaji, da wanda ke wasa shi. Alhajin ya ce bakin haƙoran wani ƙarfe ne mai tauri da magagari ba ya kamawa, sai dai a kawo Sakkwato. Wannan ya ɗan sosa mini rai, don wasa zarto na cikin abin da Yaya ke alfahari da shi, amma na ce ba a samun komai duka. Ya kunna na gwajin da ke shagon ya yanka mini guntun katako na gani. Duk abin da ya faɗa game da makunni da mai da murfi na rubuta da ajami a jikin wata takardar siminti, don ɗan littafin da ke ciki ba da harshenmu aka yi shi ba.

Da muka daidaita na ce wanda ke cikin kwali nake so, wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ya ce to bari a kunna shi in ji lafiyarsa. Na ce a'a.

"Malam, mai sayen tukunya ƙwanƙwasa ta shika yi."

"A gidanmu babba ke ƙwanƙwasawa."

Haka na ɗauko shi a rufe. Motarmu ta tsaya a Argungu, na rubuta 'yar takarda na ba wani mai shayi da ya san gidan: an samu, ya ƙetare kara da yatsa biyu, sai Juma'a. Na iso gida da kwalin a kan cinyata, don ban yarda a ɗaure shi a saman mota ba.

Kwana shida ne tsakani. Tun Lahadi aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai Laraba bayan la'asar. Ina zaune a zaure ƙwan fitila ya kama, kuma a daidai lokacin taubashina ya yi sallama. Ɗan gwaggonmu ne, direban mota tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, tsakanina da shi kuwa wasa ne tun muna yara, ba ya buɗe baki sai ya tsokane ni.

"Bawana, ina amaryar? An ce ka kawo ta bisa cinya tun daga Sakkwato."

Na nuna masa kwalin.

"Kwana biyar ga lulluɓi? Ko lalle anka sa mata?"

"Yaya nake jira. Ka san ƙa'ida."

"Na sani. To in Yaya ya zaka, jama'a ta taru, anka danna, abu ya yi shiru hwa? Ka taso da tsoho mai ciwon kahwaɗa shi zo shi kalli mataccen ƙarhe? Ga wuta ta zaka da ƙahwarta. Kunna dai ka ji numhwashinta. Kunnawa ba yanka ba ta."

Maganarsa ta shige ni, don tsoron da nake ɓoyewa ke nan tun daga shagon. Na ce kunnawa kawai. Muka fito da shi muka ɗora a kan bencin aiki, na duba takardata, na danna. Ya ɗauki kuka mai kaifi har kajin gida suka watse. Na saki, na ce alhamdu lillahi, yana da rai.

"Kuka kawai? Jaki ma ya iya kuka."

Ya duƙa ya ɗauko wani guntun maɗaci da ya rage daga ƙafar benci, jan itacen nan mai ɗaci, ya ajiye a ƙarƙashin faifan, ya ja da baya yana murmushi.

Na daɗe ina son in ɗora masa laifin abin da ya biyo baya, amma ba shi ya riƙe hannuna ba. Ni na jawo kan, ni na sauke, ni na tura. Maɗacin da nake gumi kafin in raba shi ya rabu kafin in gama numfashi ɗaya, fuskar yankan sumul kamar an goge ta. Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Na juya gindin na yanka kusurwa, na yanka 'yar'uwarta, na haɗa su suka zauna ba ko hanyar iska. Na sake ɗauko wani guntun. Ban dawo hankalina ba sai da ladan ya kira magariba, na duba na ga jan gari ya rufe benci da ƙasa da gashin hannuna.

"Kada ka gaya wa kowa," na ce wa taubashina.

Ya kama leɓensa da yatsa biyu ya fita yana dariya. Ni da nake koya wa yara cewa asiri in ya wuce mutum ɗaya ya zama shela, direban tasha na ba ajiyar nawa.

Mai ɗakina ta ji kukan injin, ta kuma ga garin. Da ta kawo mini tuwo ta ce, "Malam, ka gaya masa kawai. Yayanka ne, ba alƙali ba." Na ce mata ba ta san sha'anin ƙarfe ba. Ta ce haka ne, ta ɗauki kwanonta.

Ranar Alhamis da na taso daga makaranta na zauna wa injin. Na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da gashin kaza. Na goge sandunan da tsumma da kananzir, na hura kowane lungu da baki har kaina ya yi jiri. Murfin da ke rufe saman faifan ne kawai ban buɗe ba, don na ji tsoron in na taɓa ƙusoshinsa fentin zai kankare a gane. Na share zauren na yayyafa ruwa, guntayen maɗacin na cusa su a murhu. Na mayar da shi kwali na ɗaure yadda ya zo. Wahalar da na sha a ɓoyon ta fi ta zuwa Sakkwato, kuma duk lokacin da nake yi ina ce wa kaina don in faranta masa nake yi.

Yaya ya iso da hantsi ranar Juma'a. Farar rigarsa ta Idi ya sa, wadda ba ya fito da ita sai da dalili. A kafaɗarsa ta hagu ya ɗauko wani abu naɗe da tabarma. Da ya kwance na gane shi: farin katako ne mai faɗi, na ƙarshe da mahaifinmu ya bari bai yi aiki da shi ba, wanda Yaya ya ajiye a saman rumfa duk shekarun nan. Ya ce da shi za a buɗe baki, a yi wa masallacin unguwarmu abin ɗora Alƙur'ani, ladan aikin ya je wa tsoho. Ya leƙa ɗakin da muka shirya masa, ya ga ƙusar bango, ya ce ta yi ƙasa, shi ba gajere ba ne kamar wasu. Muka yi dariya.

Bayan an sauko daga masallaci limamin unguwa ya biyo mu da wasu dattawa huɗu, don labarin injin ya zaga. Wuta tana nan. Allah ya gafarta mini, a cikin sujada na roƙa a ɗauke ta.

Na kwance kwalin a gabansu kamar ban taɓa ba. Yaya ya zagaya injin a hankali. Ya karɓi karansa ya kwantar, ya ja kan ya tura da hannun hagu, ya girgiza shi a ƙarshen sandunan daidai yadda na yi a shagon. Ya gyaɗa kai.

"Ka iya zaɓe, Malam."

Tun da nake, bai taɓa yaba mini a kan abin da ya shafi sana'ar gidanmu ba sai ranar. Sannan ya daidaita katakon mahaifinmu, ya ja zane da fensir, ya dafa kan injin, ya dube ni.

"Ya ci?"

Tambayar da aka saba ce, amma ya bar idonsa a kaina fiye da yadda aka saba. Liman yana gefena, mutumin da nake jan baki a gabansa in ya yi tafsiri. Na ji yabon nan yana da ɗumi a kunnena, ban so ya huce ba.

"Bai ci ba, Yaya. Kai yake jira."

Ya ɗan jinkirta. Sai ya ce bisimilla, na nuna masa makunni, ya danna.

Faifan bai ko sauka ba. Iskar juyawarsa ce ta kwaso abin da ya maƙale a cikin murfin da ban buɗe ba, ta feso shi waje. Jan gari ya bazu a ƙirjin farar rigar da hannunta, har gemunsa. Katakon da ke ƙasa fari ne fat, ba a taɓa shi ba, kuma babu wanda ya tashi a ƙasar nan da bai san launin maɗaci ba.

Yaya ya saki makunnin. Ya tsaya har faifan ya gama juyawa ya yi shiru. Ya dangwali garin da ɗan yatsa ya sa a harshe.

Liman, Allah ya saka masa, ya yi gyaran murya ya ce wataƙila daga can inda aka ƙera shi ne, sukan gwada kafin su rufe.

"Awo, Malam liman," Yaya ya ce. "Su ma suna da maɗaci can."

Ya juyo ya ce, "Allah shi sa albarka," ya sa takalmansa. Bai kakkaɓe rigar ba. Haka ya bi hanyar tasha da jan gari a ƙirji, masu komawa gida daga masallaci suna gaishe shi. Na bi shi har bakin titi ina Yaya, Yaya. Bai juyo ba, ya ce in koma wurin baƙina. Katakon da karan ya bar su a kan benci.

Asabar ta zagayo na tafi Argungu. Na tarar da shi a rumfa yana jan zarto da hannun hagu, yankan yana kaucewa zane, yana dawo da shi. Na durƙusa na faɗi abin da na yi tun daga farko. Ya bar ni na gama.

"Na sani tun ban baro Argungu ba," ya ce. "Motar taubashinka nis shiga. Tun ga tasha shika ba mutane labari, wai bawanai ya kwance ma amarya lulluɓi. Mota duk dariya. Ni ma na yi."

Ya ci gaba da cewa:

"Nic ce yaro na, ya ga sabon abu. Ni ma na taɓa yi zamanin Baba, da wani gizago. Yat tambaye ni, nic ce ya ci. Yaj ja kunnena, yab buɗe shi hakanan, munka ci gaba da aiki. Da ka ce ya ci, da yanzu kayana suna gidanka."

"To Yaya, tun da ka sani, don me ka tambaye ni a gaban mutane?"

"Tambayar ba tawa ba ta, ta gida ta. Amsar ita at taka."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na san da gaske yake, don bai iya faɗin abin da ba ya nufi ba. Na ce to yaushe zai taho. Ya ajiye zarton ya dube ni.

"Malam, aikin mutum biyu baki na. In ce ka yanke bisa zane, ka ce awo ka yanke, in haɗa ban duba ba. In sai na koma na duba, gara in yi abina ni ɗaya."

Na aika gwaggonmu, na aika limamin unguwarsu, na koma da kaina ban san sau nawa ba. Kowa ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi ruwa, ya raka shi ƙofa. Zumunci bai yanke ba. Yana zuwa suna, ina zuwa gaisuwa, amma in ya zo gidana ta ƙofar baya yake shiga don kada ya bi ta zaure. Cikin damina biyu aikin ya ƙare a hannunsa. Ya koma tsaron rumfunan albasa na wani ɗan kasuwa a hanyar Augie, yana juya ta yana tsince ruɓaɓɓu. Na taɓa zuwa na same shi a can, hannun da ke haɗa kusurwa ba a ganin tsaga yana wari, ƙudaje suna binsa. Ya tashi ya shimfiɗa mini buhu ya tambayi lafiyar yara.

An ce kada a faɗi laifin mamaci, kuma ba laifi nake faɗa ba. Amma na yi shekaru ina jin haushinsa, har yau bai gama fita ba. Ubangijin da ya halicce mu yana karɓar tuba ya mayar da bawa matsayinsa, ɗan'uwana ya yafe mini ya bar ni a inda na faɗi. Ya zaɓi ruɓaɓɓiyar albasa a kan ya zauna da ni a zaure ɗaya. In na kai nan a tunani sai in tuna wane ne ya yini da gashin kaza a hannu, sai haushin ya juyo gida. Taubashina kuwa har ya tsufa in an tayar da maganar cewa yake yi, "Wasa na hwa," kuma a wurinsa wasan ne.

Injin bai taɓa ba ni kunya ba. Na yi ƙyamare da shi, na yi tagogi, sandunan ba su yi rawa ba, bai kauce wa zane ko sau ɗaya ba. Da ya lalace da na samu abin zagi. Ɗakin da muka share ya koma wurin ajiye buhunan shinkafa, ƙusar tana nan a bango inda ya ce ta yi ƙasa. Katakon mahaifinmu na mayar da shi saman azara da zanen fensirin Yaya a jikinsa, karan a kai. Masallacin unguwa bai samu abin ɗora Alƙur'aninsa daga gare mu ba.

Da Allah ya karɓi ran Yaya, ni na zama babban gida. Babban ɗansa, wanda ya koyi aikin a wurin wasu tun da na ubansa ya tsaya, magidanci ne yanzu da rumfarsa a Argungu. Wata rana ya yi sallama a zaurena da sabon zarto naɗe a tsumma, ya durƙusa ya ajiye a gabana. Na kwance, na dafa shi. Yana kallona yana jira, amsar tana bakinsa. Na ce bisimilla na ɗauki zarton.

"Baba, ba ka tambaya ba."

"Miƙo katakon," na ce.